Daga fataucin gishiri zuwa dakon masu hawan dutsen Eberest

Ƴan uwa masu karatu, musamman ku da abincinku ke rataye a kan iyaka, a wannan karon za mu yi nisa da gida, mu leƙa ƙasar Nepal da ke maƙale tsakanin Indiya da Sin, domin mu ga abin da ya sami wasu fatake bayan an toshe musu hanya. Can ne jerin duwatsun Himalaya yake, kuma can ne dutsen Eberest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya. Awon da hukumomin Nepal da Sin suka bayyana tare a watan Disambar 2020 ya nuna tsawonsa mita 8,848 ne da ɗan ɗoriya. Dutsen Kamaru da muke ji da shi a wannan yanki namu ko rabin haka bai kai ba.

A gindin dutsen, a yankin da ake kira Kumbu, akwai wata ƙabila mai suna Sherpa. Yau da an ambaci sunan sai a tuna da ɗan dako ko jagoran masu hawan dutse, har wasu na zaton sunan sana'a ne. To amma kakanninsu ba su san wannan aiki ba, hasali ma wuri mai tsarki suka ɗauki ƙololuwar duwatsun. Sun yi ƙaura ne daga gabashin Tibet kimanin shekara 500 da suka wuce, suna kiwo da ɗan noma, suna kuma fatauci. Ayarinsu kan bi ta wata mashiga mai suna Nangpa La, wadda ke sama da mita 5,700, da shanunsu masu dogon gashi da ake kira yak, su kai hatsi Tibet su dawo da gishiri da ulu, su sayar wa mutanen kudu. Wanda ya san ayarin gishirin Bilma ya san irin tafiyar, sai dai su ƙanƙara suke ketawa maimakon rairayi. Garin Namce Bazar shi ne babban zangonsu, kuma har yau kasuwarsa na ci ranar Asabar.

Abin ya fara lalacewa ne bayan sojojin Sin sun shiga Tibet a 1950, ya ƙara tsananta bayan boren 1959 lokacin da aka tsaurara tsaron iyaka. Ga kuma gishirin Indiya mai araha da ya riƙa cika kasuwannin kudu. Ba sai mun yi muku bayanin halin da bafatake kan shiga ba idan hukuma ta sa wa hanya kwaɗo, shi kuma bai san wata sana'a ba. Allah da ikonsa, daidai wannan lokaci ne wata ƙofar ta buɗe. Nepal ta fara barin baƙi su shigo, kuma ranar 29 ga Mayun 1953 Edmund Hillary ɗan ƙasar Niyu Zilan da Tenzing Norgay ɗan Sherpa suka zama na farko da suka taka ƙololuwar Eberest. A 1964 Hillary ya jagoranci gina ɗan filin jirgin sama a ƙauyen Lukla, a shekarar ce kuma wani tsohon hafsan sojan Ingila, Jimmy Roberts, ya buɗe kamfanin farko na kai baƙi yawon ƙafa cikin duwatsun. Daga nan madugu ya koma shugaban ƴan dako, shanun da ke ɗaukar gishiri suka koma ɗaukar tantuna da gwangwanin abinci.

Kasuwancin kashi biyu ne. Akwai masu yawon ƙafa, su ne mafi yawa, waɗanda burinsu kawai su kai sansanin gindin dutsen da ke kan mita 5,364 su ɗauki hoto su juyo. Daga Katmandu, babban birnin ƙasar, sukan hau ƙaramin jirgi zuwa Lukla, inda titin saukar jirgin bai wuce mita 527 ba, dutse a gaba, rami a baya. Daga nan sai ƙafa, kamar kwana 8 zuwa, kwana 3 ko 4 dawowa. Ba nisan hanya ke sa a daɗe ba. Iska ce ke raguwa. A sansanin, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce, a ƙololuwa kuwa kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa jagora na kirki ke tilasta wa baƙinsa su kwana biyu a Namce, kuma bayan an wuce mita 3,000 ba ya barin a ƙara fiye da mita 500 a wurin kwana daga dare zuwa dare. Wanda ya yi gaggawa sai ciwon kai da amai su kama shi, in ya dage ruwa ya taru masa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Maganin farko shi ne a sauko da shi, ko tsakar dare ne. Ciwon ba ruwansa da ƙarfin jiki, samari majiya ƙarfi ma yana kayar da su.

Kashi na biyu su ne masu son ƙololuwa, kuma nan ne kuɗin yake. Takardar izini kaɗai, wadda gwamnatin Nepal ke sayar wa baƙo a lokacin bazara, dala 11,000 ce tun 2015, daga Satumbar 2025 aka mayar da ita dala 15,000, wato sama da miliyan 8 na sefa. A 2023 an ba da irin wannan takarda har 478. Idan aka haɗa da kuɗin kamfani da abinci da tukwanen iskar shaƙa, mutum ɗaya kan kashe dubban daloli masu yawa, wasu har su haura dala 100,000, don tafiyar da kan ci mako 6 zuwa 8. Ƴan Afirka ma sun taka rawa. Sibusiso Vilane ya kai ƙololuwa a 2003, sannan Saray Khumalo a 2019 ta zama baƙar fatar Afirka mace ta farko da ta kai.

To wa ke yin aikin? Nan ne muke son mai karatu ya tsaya ya duba. Da an bar sansani, abu na farko da ake fuskanta shi ne gangaren ƙanƙarar Kumbu, wani kogin ƙanƙara mai motsi a hankali, cike da ramuka masu zurfi da curin ƙanƙara kamar gidan bene da kan rufto ba sallama. Wasu ƙwararrun Sherpa ne ke fara shiga kowace shekara su ɗaura igiyoyi, su shimfiɗa tsani a kan ramukan. Baƙon da ya biya kuɗi sau kaɗan yake ratsa wurin. Shi kuwa Sherpa mai kai tanti da abinci da tukwanen iska sansanonin sama yakan ratsa shi sau ashirin ko fiye a shekara, galibi cikin duhun asuba kafin rana ta sassauta ƙanƙarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar 18 ga Afrilun 2014 ƙanƙara ta zaftaro a daidai wannan wuri ta kashe ƴan Nepal 16, babu baƙo ko ɗaya a cikinsu. Abin da gwamnati ta fara miƙa wa kowane iyali shi ne rupi 40,000, kimanin dala 400, alhali tana tara miliyoyin daloli daga takardun izini. Ran ma'aikatan ya ɓaci, suka naɗe kayansu suka bar dutsen, hawan shekarar ya tsaya cak ta ɓangaren Nepal. Sai a lokacin aka ɗaga inshorar rai zuwa kimanin dala 15,000. Mu dai a ganinmu ko wannan ɗin bai kai ba, tun da daidai yake da abin da baƙo ɗaya ke biya yau don takarda kawai. Shekara na zagayowa, ranar 25 ga Afrilun 2015, girgizar ƙasa ta kashe kusan mutum 9,000 a Nepal, ta kuma turo ƙanƙara kan sansanin inda kusan mutum 20 suka rasu.

Amma kada a ce ba su samu komai ba. Jinin fatauci bai bar su ba. Yawancin masaukai da gidajen shayin da ke kan hanyar Lukla zuwa sansani nasu ne, kuma a ƴan shekarun nan kamfanonin ƴan Nepal, da yawansu mallakar Sherpa, sun karɓe babban kaso na cinikin daga hannun Turawa ta hanyar karya farashi. Sai dai da suka hau, wasu suka maye gurbinsu a ƙasa. Masu dakon da za ka gani a hanya da igiya a goshi da kwando a baya, wasu ɗauke da kayan da suka kai nauyin jikinsu, akasari ƴan ƙabilun Rai da Tamang ne daga ƙauyukan kudu, kuma su ne ladansu ya fi ƙanƙanta.

Kami Rita Sherpa, wanda ya fara kai ƙololuwa a 1994, ya kuma taka ta karo na 31 a watan Mayun 2025, ya sha gaya wa manema labarai cewa ba ya son ƴaƴansa su gaje shi. Da yawa cikin masu hali sun tura nasu karatu Katmandu ko ƙasashen waje. Tun 2024 kuma aka fara gwada ƙananan jirage marasa matuƙi wajen kai igiya da tsani da tukwanen iska ta saman gangaren Kumbu, su dawo da shara. Tafiyar da kan ci wa ɗan dako awa shida da ransa a hannu, na'urar na yin ta cikin ƴan mintoci.