Lafiya: idan abinci na tsayawa a ƙirji, ba kullum ne olsa ba

A Koira Kano, kamar a sauran unguwannin Yamai, wanda ya ji loma ta tsaya masa a ƙirji yakan wuce farmasi ya sayi maganin olsa. Amma akwai wata cuta ta bututun abinci da likitoci ke kira akalaziya, wadda wannan magani ba ya yi mata komi.

A ƙarshen bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa tumbi akwai wani zoben tsoka mai aiki kamar ƙofa: yana buɗewa in an haɗiye, sannan ya rufe. Ga mai akalaziya, jijiyoyin da ke ba ƙofar umarni sun lalace, sai ta zauna a ɗaure. Tuwo ya tsaya, fura da ruwa ma su tsaya. Da dare abin da aka ci ya dawo baki, ga tari, ga ciwon ƙirji, ga rama. A duniya, kimanin mutum 1 cikin 100.000 ke kamuwa da ita a shekara.

Kafin magani sai bincike, domin kansar bututun abinci ma da wuyar haɗiya take farawa. Likita yana leƙa ciki da siririyar na'ura mai kyamara, wato fibroskopi. Akan kuma ba mara lafiya wani farin ruwa ya sha a ɗauki hoto. In akalaziya ce, ƙarshen bututun yana fitowa a tsuke kamar bakin tsuntsu.

In an tabbatar, ɗaya daga cikin hanyoyin magani ita ce faɗaɗa ƙofar da balan-balan. Mara lafiya yana zuwa da cikinsa wayam, a yi masa allurar barci, a zura balan-balan ɗin ta baki har zuwa ƙofar, a hura masa iska na ɗan lokaci don ya sassauta tsokar. Akan fara da mai faɗin milimita 30. In bai isa ba, bayan ƴan makonni a koma na 35, wani lokaci har na 40. Ba a tsaga ciki.

Mafi yawan waɗanda aka yi wa suna komawa cin abinci, sai dai jijiyoyin ba sa farfaɗowa, shi ya sa matsalar kan dawo bayan shekaru a sake aikin. Babban haɗarin shi ne bututun ya yage, abin da ke samun ƴan kaɗan cikin ɗari. Zazzaɓi, ciwon ƙirji mai tsanani ko wuyar numfashi bayan aikin na nufin a koma asibiti nan take. Wanda balan-balan bai yi wa amfani ba akan yi masa tiyatar yanke tsokar, wadda likitan Jamus Ernst Heller ya fara a 1913.

Yaran da suka sha sodar yin sabulu su ma bututunsu yana tsukewa, amma tabon ƙuna ne, kuma da ƙananan balan-balan ake buɗe shi sannu a hankali, sau da yawa.

Duk wanda haɗiya ke yi wa wuya makonni a jere, musamman in yana ramewa, ya nemi a tura shi wurin likitan ciki da hanji a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ko a Hôpital Général de Référence.