Bayan An Rufe Ƙofa: Shugaba da Mashawartansa, Daga Samaru Zuwa Barikin Dodan

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: 

Duk wanda ya shiga mota daga Sabon Garin Zariya, ya bi ta Kwangila, ya wuce Palladan, har ya sauka a bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, to ya ratsa tsakanin jama'a iri biyu waɗanda sha'anin mulki ya haɗa, ko da yake ba kullum suke tuna haka ba. A bayansa ya baro 'yan kasuwa da teloli da masu sayar da kayan gyaran mota, waɗanda kowace shawara aka yanke a fadar shugaban ƙasa a kan kuɗi da ciniki, a kan tebur ɗinsu take sauka. A gabansa kuwa ga malamai, waɗanda sau da yawa daga cikinsu ne akan kira mutum, a ce ya zo ya zauna a ɗakin da ake yanke shawarar. Abin da za mu duba a yau shi ne wannan ɗaki: wa ke shiga, wa ake bari a waje, kuma yaya maganar da aka yi a asirce take zama hukuncin da ya hau kan kowa.

Al'amarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka san majalisar nan da ake kira Tara ta Kano, kuma saboda shi ne Shehu Maghili ya wallafa risalarsa a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Daga baya Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, sa'ad da ya sauka Kano, ya rubuta wa mutanenta Diya'ul Hukkami. Malaman nan ba su ga aibi ga sarki ya keɓe da wazirinsa ba, domin akwai maganar da in ta fita kasuwa kafin lokacinta, maƙiyi ne zai fara cin moriyarta. Inda suka tsananta shi ne a kan zaɓen wanda za a keɓe da shi, wato ya kasance mai ilmi da amana, wanda tsoron rasa muƙami ba zai hana shi faɗin abin da sarki ba ya son ji ba.

To, mu gangaro zamanin soja. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya kuma yi karatu a kwalejin nan ta Zariya da muke kira Barewa, ya yi shekara tara yana mulki, kuma mutanen da suka fi samun kunnensa a kan tattalin arziki su ne manyan sakatarorin gwamnati, irin su Allison Ayida da Philip Asiodu da Ahmed Joda da Ibrahim Damcida. Mutane ne masu ilmi ƙwarai, waɗanda suka taimaka aka riƙe ƙasa a lokacin yaƙin basasa ba tare da an ci bashin waje ba. Amma da kuɗin man fetur ya kwararo bayan 1973, sai ma'aikatu suka shiga sayayya kowace da kanta, har aka wayi gari a 1975 an yi odar siminti wajen tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan ma'aikatar tsaro, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a bakin tashar Apapa, ana biyan su kuɗin jira kullum, alhali kuwa kayan masarufin da ɗan kasuwar Sabon Gari yake sauraro ta jirgin ƙasa suna bayan layi. Ga masana a ɗaki, amma babu wanda ya haɗa lissafin wuri ɗaya ya aza a gaban shugaba tun da sauran gyara.

(KIƊA)

Ran 29 ga Yuli 1975, Gowon yana Kamfala wurin taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, Kanar Joseph Garba ya yi shela a rediyo cewa an kawar da gwamnatinsa. Abin da ya faru bayan shelar, a cikin ɗaki, shi ne ya fi dacewa da zancenmu. Hafsoshin da suka yi juyin, cikinsu har da Garba da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Abdullahi Muhammad, ba su riƙe mulkin da kansu ba. Sai suka miƙa shi ga manyansu uku, Birgediya Murtala Muhammad da Olusegun Obasanjo da Theophilus Ɗanjuma, bisa sharaɗin cewa shugaba ba zai yi gaban kansa ba, kuma idan kashi biyu bisa uku na Majalisar Ƙoli ta Soja suka ƙi wani abu, to ya faɗi. Waɗanda suka halarci zaman sun ruwaito cewa Murtala, wanda shi ma ɗan Barewa ne, ya fusata da farko ya ce ba zai karɓi mulki da dabaibayi ba, sai da aka yi ta lallashi kafin ya amince. Ku lura, jama'a: mutumin da tarihi ya fi tunawa da zafin nama da yanke hukunci nan take, da sharaɗin shura ya hau mulki.

Sabuwar gwamnati ta fitar da gwamnonin jihohi daga Majalisar Ƙoli, ta hana manyan sakatarori zama a majalisar zartarwa sai in an kira su, ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, cikinsu akwai masu laifi, akwai kuma waɗanda aka zalunta, abin da har yau aikin gwamnati bai gama warkewa daga gare shi ba. Da aka rage ƙarfin tsofaffin mashawarta, sai aka buɗe ƙofa ga wasu sababbi, aka waiwayi jami'o'i. Aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Adebayo Adedeji don ya sake duba manufofin ƙasa game da harkokin waje, kuma cikin waɗanda aka sa akwai wani matashin malamin tarihi daga Samaru, Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, wanda a lokacin shekarunsa talatin ne kacal, ɗalibin Farfesa Abdullahi Smith. Shi ne kuma aka sa a kwamitin rubuta tsarin mulki, inda shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi bin ra'ayin sauran, suka rubuta nasu rahoto dabam.

Jarrabawar farko ta zo ta Angola. Turawan Fotugal za su sauka ran 11 ga Nuwamba 1975, ga kuwa ƙungiyoyi uku suna yaƙi a kan wanda zai gaje su: MPLA ta Agostinho Neto, wadda Tarayyar Sobiyet da Kyuba ke mara wa baya, da FNLA ta Holden Roberto, da UNITA ta Jonas Savimbi, waɗanda Amurka ke taimaka wa. Matsayin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka shi ne a sasanta su su kafa gwamnatin haɗin gwiwa, kuma a kan wannan matsayi ma'aikatar harkokin wajenmu take, a ƙarƙashin Joseph Garba, wanda ya zama kwamishinanta. Hujjarsu ba abar rainawa ba ce, domin ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa shekara biyar da suka wuce, tana kuka da waɗanda suka amince da Biyafara, ba ta da sauƙin zaɓar ɓangare a yaƙin basasar wata ƙasa.

Amma a watan Oktoba sojojin Afirka ta Kudu, gwamnatin wariyar launin fata, suka kutsa cikin Angola ta kudu suna dafa wa abokan gaban MPLA, kuma da labarin ya tabbata a Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin, sai ma'aunin ya juya baki ɗaya. Ba a ma'aikata aka yanke hukuncin ba; a tsakanin mutane ƙalilan aka yanke shi, Murtala da Obasanjo da makusantansu, irin su Sufeto Janar na 'yan sanda Alhaji M. D. Yusufu, Bakatsine mai nisan tunani wanda ya san 'yan gwagwarmayar Afirka tun da daɗewa. Ran 25 ga Nuwamba Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA, ta bi da gudummawar dala miliyan 20. Garba da kansa ya ba da labarin waɗannan kwanaki a littafin da ya fitar a 1987. Sai dai mai karanta irin waɗannan littattafai ya riƙa tunawa cewa kowane marubuci a kusa da shugaba yake zaunar da kansa.

Shugaban Amurka Gerald Ford ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana jan kunnensu game da MPLA. Bisa al'ada, irin wannan wasiƙa a cikin aljihun tebur take kwana, a ba da amsa ta hannun jakada. Murtala kuwa sai ya sa aka buga ta a jaridu tare da martani mai zafi, wato ya ɗauki maganar ɗaki ya shimfiɗa ta a bainar jama'a domin ya san jama'a na tare da shi. Ran 11 ga Janairu 1976 ya tsaya a Adis Ababa, wurin taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, ya yi jawabin nan da har gobe ɗalibai ke haddacewa, inda ya nuna cewa Afirka ta kai munzilin da ba za a riƙa yi mata shifta daga waje ba. An daɗe ana jayayya a kan wanda ya tsara jawabin: wasu sun ambaci Olu Adeniji na ma'aikatar waje, wasu sun ambaci malaman Samaru, Bala Usman da Patrick Wilmot, mutumin Jamaika da ke koyar da ilmin zamantakewa. A ganina jayayyar ba ta da wani amfani, domin alƙalamin mashawarci ba ya zama siyasar ƙasa sai an sami shugaban da ya yarda ya ɗauki nauyin abin da aka rubuta. Taron ya watse ƙasashe 22 a nan, 22 a can, amma kafin wata guda ya cika Ƙungiyar ta karɓi gwamnatin Neto. Ran 13 ga Fabrairu aka kashe Murtala a Ikko, Allah ya jiƙansa.

(KIƊA)

Hausawa na cewa shawara ɗaukar ɗaki ce, sai an taru. To amma akwai taron da akan kira bayan an riga an aza jinka, kuma wannan ne ya kawo mu shekarar 1985.

Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki ran 27 ga Agusta na wannan shekara, ya tarar da maganar rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, wadda ta faro tun zamanin Shagari, Janar Buhari kuma ya ƙi sharuɗɗanta, wato karya darajar naira, da janye tallafin man fetur, da sakin ƙofar shigo da kaya. Maimakon ya yanke hukunci a ɗaki, sai ya ce a yi muhawara ƙasa baki ɗaya. Aka kuwa yi. Jaridu suka cika, ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan kasuwa da malaman addini kowa ya tofa albarkacin bakinsa, ɗakunan laccar jami'ar na Samaru da Kongo suka yi ta cika suna batsewa, Bala Usman ya rubuta littafi sukutum yana cewa mafita ita ce a gina kasuwar cikin gida, a kuma binciki bashin da ake cewa ana bin mu kafin a biya. A watan Disamba shugaba ya yi shela cewa ya ji muryar jama'a, ba za a karɓi rancen ba, mutane suka yi ta murna.

Sai dai a daidai lokacin da ake wannan muhawara a fili, akwai wata da ake yi a ciki, tsakanin shugaba da ministan kuɗi Dokta Kalu Idika Kalu, wanda ya taɓa aiki a Bankin Duniya, da kwamitin mashawarta na fadar shugaba a ƙarƙashin Farfesa Ojetunji Aboyade, da jami'an Bankin Duniya. Adalci ya wajabta mu faɗi hujjarsu: farashin gangar mai ya kama hanyar faɗuwa, har ya faɗi warwas a 1986, masu bin mu bashi a Landan da Faris sun ce ba za su ɗaga mana lokacin biya ba sai IMF ta sa albarka a kan tsarinmu, lasin shigo da kaya kuma ya zama hajar da 'yan alfarma ke sayarwa tun kafin tawada ta bushe. Waɗannan hujjoji ne masu nauyi, kuma da an kawo su gaban jama'a ƙarara, da an sami abin tattaunawa. Ba a yi haka ba. Kasafin kuɗin 1986 ya ɗaga litar fetur daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi, a tsakiyar shekara aka ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP da sunan cewa namu ne na gida, a watan Satumba aka fara gwanjon kuɗaɗen waje, naira wadda a farkon shekara take kusan kunnen doki da dala ta koma wajen naira huɗu a dala ɗaya. Aka soke lasin shigo da kaya, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, wadda manoman ƙasar Zazzau da Funtuwa suka saba kai wa kaya a farashin da hukumar ta sanar. Rancen dai ba a karɓa ba, sharuɗɗansa kuwa babu wanda aka bari.

A Sabon Gari, mai shagon da ya sayar da kayansa a tsohon farashi ya je sari ya tarar kuɗin hannunsa ba za su mayar masa da rabin abin da ya fitar ba. Wasu manoma, gaskiya, sun ga ƙarin farashi a kan amfaninsu, amma taki da maganin feshi suka bi su da gudu. A Samaru kuwa, gwamnatin da ta gayyaci malamai muhawara ita ce ta juyo kansu. Bayan harbin ɗalibai da aka yi a jami'ar a watan Mayu 1986, kwamitin binciken Janar Emmanuel Abisoye ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. A 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Patrick Wilmot suka sa shi a jirgi zuwa Landan, bayan shekara goma sha takwas yana koyarwa a Zariya. A 1989 aka sallami Bala Usman daga aiki, sai da ya je kotu kafin a mayar da shi, ya ci gaba da koyarwa da bincike a Zariya har Allah ya karɓi ransa a watan Satumba 2005.

Jama'a masu sauraro, a nan lokaci ya iso mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(KIƊAN RUFE SHIRI)