Ganyen da ya dahu cikin tukunyar nama

A ƙasashe da dama na duniya akwai mutanen da ba su cin nama ko kifi, kuma yawansu ya kai har masu gidajen abinci suna tanadar musu nasu kwanon. Sai dai akwai tambayar da ke rikita mai masauki: in an dafa ganye ko wake tare da nama, sa'annan aka tsame naman, shin abin da ya rage zai ciwu gare su? Amsar tana bin dalilin da ya sa mutum ya bar naman tun farko.

A ƙasar Indiya, inda masu ƙaurace wa nama suka fi yawa, zancen na tsarki ne. Ga mabiya addinin Jain da kuma Hindu masu yawa, romo da kitse nama ne, kuma tukunyar da ta dafa su ko ludayin da ya shiga cikinsu ya gurɓata. Shi ya sa ake samun gidajen abinci da ba a taɓa shigar da nama cikinsu ba, kuma doka ta wajabta a sanya ɗigo kore a kan kwalin duk abincin da babu nama a ciki. Ko kamfanin McDonald's, da ya buɗe a can cikin shekara ta 1996, sai da ya raba wurin girki gida biyu. Wanda ya san yadda Musulmi ke ƙyamar miyar da naman alade ya shiga, ko da an tsame shi, ba zai yi mamakin wannan ba.

Amma akwai wata fahimta dabam, kuma tsohuwa ce. Mabiya addinin Buda na ƙasar Sin suna ba da labarin malaminsu Huineng, wanda ya rasu a shekara ta 713, cewa ya yi shekaru yana ɓoye cikin maharba. Ba shi da tukunyar kansa, don haka sai ya riƙa jefa ganyensa cikin tasu, ya ci ganyen ya bar musu naman. Abin da yake gudu shi ne a kashe dabba dominsa, watau ɗanɗanon romo ba shi ne laifin ba. Mutane da yawa a Turai da Amurka, waɗanda suka bar nama don tausayin dabbobi, haka suke gani: gasa abincinsu a kan ƙarfen da aka gasa nama bai ƙara yawan shanun da aka yanka ba.

Maganar ta kai gaban alƙalai a Amurka. Cikin shekara ta 1990 McDonald's ya ba da sanarwar cewa ya koma soya dankalin turawa da man da ba na dabba ba. Masu ƙaurace wa nama suka saki jiki suna ci, alhali ana sa wa dankalin wani abin ɗanɗano na naman shanu tun daga masana'anta. Da asirin ya tonu a 2001, wasu ƴan Hindu suka kai ƙara a birnin Siyatul, fushin kuma ya isa har Indiya, inda aka farma wani gidan abincin kamfanin kusa da Mumbai, ko da yake kamfanin ya ce dankalinsa na can ba shi da komi na saniya. A 2002 ya roƙi gafara, ya kuma yarda ya biya dala miliyan 10 ga ƙungiyoyin Hindu da na masu ƙin nama da wasunsu. Lalle ɓoyewar ce ta fi yi wa mutane zafi, domin shekara goma suna cin abin da suka yi imani haramun ne gare su.

Ƙara ta biyu ba ta yi nasara ba. A 2019 wani mutum ya kai kamfanin Burger King gaban shari'a a jihar Fulorida, saboda ana gasa naman jabu na tsirrai a kan ƙarfe ɗaya da na shanu. Alƙali ya kori ƙarar a 2020, ya ce kamfanin ya yi alkawarin abin da babu nama a cikinsa kuma ya cika, bai taɓa alkawarin murhu dabam ba, kuma mai saye yana da damar ya nemi a dafa masa nasa a wani wuri.