Bayani a Kan Karkacewar Mota Mai Jakunkunan Iska

 Ku sani fataken da can, in mangala ta karkace a bayan jaki, ba su yanke hukunci cewa jakin ne ya gurgunce sai sun tsaya sun duba tukuna, ko kayan gefe guda ne suka rinjayi na ɗayan, ko igiya ce ta saki, ko kuwa akumari ne ya zame. To, wannan dabara tasu ita muke so mu ara yau, domin a cikin motocin da ke ɗaukar kayan fatauci da mutane a zamanin nan akwai waɗanda gangar jikinsu ba bisa sifirin na ƙarfe take zaune ba, bisa jakunkunan roba ne cike da iska.

Sau da yawa mutum yakan kwana da irin wannan mota tsaye daidai, ya wayi gari ya tarar ta durƙusa ta kusurwa guda kamar raƙumi zai gurfana. Sai mai gyara ya dube ta daga nesa ya ce jaka ta fashe, a sayo sabuwa. A kashe kuɗi masu yawa a sa, bayan kwana uku mota ta koma yadda take. Dalili kuwa shi ne karkacewa alama ce kawai, cutar tana iya zama a wuri biyar ko shida, saboda haka lalle ne awo ya riga saye.

Asalin wannan hikima ba ta yau ba ce. A shekarar 1953 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da manyan motocin fasinja na doguwar tafiya bisa jakunkunan iska, a 1957 kuma ya sa su a ƙaramar mota Cadillac Eldorado Brougham. A Jamus Mercedes ta bi sawu a 1961 da motarta 300 SE, sa'an nan a 1992 aka fito da Range Rover a Ingila wadda kwamfuta ke lura da iskarta. Da yawa daga tireloli da manyan motocin da ake shigowa da su daga Turai da wannan tsari suke zuwa.

Kafin a san cuta sai an san jiki. Kusa da kowace taya akwai jaka ta roba mai kauri da zare saƙe a cikinta, kamar zugazugin maƙeri, ita ke ɗauke da nauyin mota. Akwai famfo mai hura iska, da tankin da ke ajiye ta, da wani gwangwani mai tsotse laima daga iskar kafin ta shiga, da siraran tiyo masu kai ta ga jakunkuna, da bawul masu buɗewa da rufewa. Bisa dukkan waɗannan akwai ma'aunin tsayi, watau wani ɗan hannu wanda kansa guda ke maƙale da gangar mota, ɗayan kuwa da ƙarfen da ke riƙe da taya. In an ɗora kaya mota ta sunkuya, hannun ya motsa, sai a ƙara iska. In an sauke kaya ta ɗaga, sai a rage. A ƙananan motoci hannun nan labari yake aika wa kwamfuta ta waya, ita ta ba da umurni. A manyan motoci da yawa kuwa shi da kansa yake buɗe bawul, ba ruwansa da lantarki.

Mataki na farko shi ne a kawar da abin da ba laifin iska ba ne. A kai mota fili mai shimfiɗe sosai, domin ƙasa mai gangare tana sa lafiyayyar mota ta yi kamar ta karkace. A sauke kaya duka, a duba tayoyi ko girmansu ɗaya ne, iskarsu kuma daidai. Sa'an nan a tada inji, a bar mota ta gama tashi, a ɗauki tef a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin jikin mota da ke bisanta, a rubuta awon kusurwa huɗun a takarda. Kada a dogara ga ido, gama in kusurwa guda ta faɗi, wadda ke can ɗaya ƙarshen motar ta ɗaya gefen takan ɗaga, sai mutum ya tuhumi mai lafiya ya bar mai ciwo. Kowane kamfani ya rubuta tsayin da ya dace a littafin motarsa, da shi za a gwada.

Mataki na biyu shi ne gwajin kwana. A kashe inji, a cire fis ɗin da ke ba tsarin iska wuta, domin waɗansu motoci sukan farka da kansu cikin dare su daidaita tsayinsu, su ɓoye aibin. Da safe a sake awo. In dukkan kusurwoyi sun ragu kaɗan daidai da juna, musamman a daren hunturu, wannan ba komai ba ne, iska ce ta yi sanyi ta tsuke. In kusurwa guda ce ta faɗi, to iska na zurarewa daga jakarta, ko tiyonta, ko bawul ɗin da ke tsaronta. In gaba duka ko baya duka ne ya faɗi, a nemi abin da jakunkunan biyu suka yi tarayya a kansa, ko da yake mai yiwuwa ne su biyun sun tsufa tare. In kuwa babu abin da ya faɗi cikin dare, amma da an tada inji sai mota ta karkace, to jakunkuna sun kuɓuta daga tuhuma, ma'aunin tsayi ne ke ba da shaidar ƙarya.

Mataki na uku shi ne neman wurin zurarewa, kuma kayan aikinsa ba su wuce ruwa da sabulu ba. A kaɗa su, a yayyafa a jikin jaka da bakin kowane tiyo da wurin da bawul suke. Inda kumfa ya riƙa tashi, nan ne. A lura ƙwarai da wurin da robar ke naɗewa a gindin jaka, domin nan take fara tsattsagewa saboda zafi da ƙura da tsufa. Wani tsagin ma ba ya buɗewa sai mota tana wani tsayi, don haka a gwada ta a sama a gwada ta a ƙasa. In sabulu bai nuna komai ba, gwani yakan musanya tiyon dama da na hagu a wurin bawul, ya sake barin mota ta kwana a kashe. In faɗuwar ta koma ɗaya gefen, bawul ne. In ta tsaya inda take, jaka ce ko tiyonta. Bayan gwaji a mai da kowane tiyo wurinsa.

Mataki na huɗu shi ne ma'aunin tsayi. Wannan ɗan hannu siriri ne, yana ƙarƙashin mota inda dutse da rami da laka ke samunsa. A duba ko ya lanƙwashe, ko ya ɓalle, ko robar gaɓarsa ta cinye, ko tsatsa ta ci bakin wayarsa. Kusurwar da ta ɗaga fiye da kima galibi daga nan ne. In an sa sabon ma'auni a mota mai kwamfuta, dole ne a haɗa ta da na'urar bincike a koya mata tsayin daga farko, in ba haka ba za ta ci gaba da karkacewa ko da kome nata sabo ne.

Ga wata fa'ida ga masu manyan motoci. In bawul ɗin tsayi guda ɗaya ne ke ciyar da jakunkunan dama da hagu, to ƙarfin iskarsu ɗaya ne, ba shi da ikon ɗaga gefe guda ya bar ɗaya. Irin wannan mota in ta karkace, a duba lodi, da robobin gaɓoɓi, da ƙusoshin da ke ɗaure da ƙarfen tayoyi, da tiyon da ya matse. In kuwa bawul biyu ne, kowane gefe da nasa, sau da yawa saitinsu ne ya saɓa, gyaransa kuwa aikin sifana ne da tef.

Famfo shi ne na ƙarshe da za a tuhuma, domin in ya raunana mota duka ce ke jinkirin tashi, ba kusurwa guda ba. Amma shi ne ke biyan bashin sakaci. Ƙaramin tsagi a jaka yana sa shi aiki ba hutu har ya ƙone, gwangwanin tsotse laima ya cika, ruwa ya shiga bawul ya lalata su, musamman da damina. Don haka direban babbar mota ya riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin tanki. Har ila yau mota karkatacciya tana cin taya ta gefe guda, tana karkatar da hasken fitila, a manyan motoci kuma tsayin da ba daidai ba yana sa farfela karkarwa har gaɓoɓinta su cinye. In za a sake jaka saboda tsufa, a sake ta tare da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen, gama shekarunsu ɗaya.

Sauran gargaɗi guda, shi ne mafi girma. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin irin wannan mota, ko ya tura yaronsa, alhali iska kaɗai ke riƙe da ita. Tiyo guda in ya ɓalle, ko aka taɓa hannun ma'auni, gangar mota tana saukowa kafin mutum ya janye jikinsa. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi tukuna, a saki iska kafin a kwance kowane tiyo. A babbar mota kuma famfon da ke cika jakunkuna shi ne ke cika tankin birki, saboda haka in allurar iska tana sauka a hanya, a tsaya.

To, 'yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai yi lodi ran Asabar, ya auna motarsa tun ran Alhamis, ya riƙe takardar awonsa, in ya je wurin mai gyara ya roƙe shi ya nuna masa kumfan sabulu da idonsa kafin ya zaro kuɗi. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a fatauci. Haza wassalam.