Ɗaurin salansar moto: ƙaramin zobe, babban aiki

Ranar kasuwar Maradi, wani manomi ya kawo motonsa wurin makaniki. Da shi yake kai wake kasuwa. Moton yana ƙara kamar bindiga, ba ya da ƙarfi cikin rairayi, ga shan mai.

Makaniki ya duba wurin da salansa ta haɗu da inji, ya ga baƙin hayaƙi ya kama wurin. Tsakaninsu akwai wani ƙaramin zobe na tagulla. Shi ke toshe kafa. Zoben ya mutu, hayaƙi na fita ta nan.

Sai da inji ya huce sannan ya taɓa shi. Ya kwance noti 2, ya cire tsohon zoben, ya kankare dattin. Ya sa sabon zobe, don tsoho ya riga ya matse, ba ya ƙara toshewa.

Ya mai da salansa, ya ɗaura notin da hannu tukuna. Ya kama ta baya. Sannan ya matse na gaba kaɗan kaɗan, wannan sannan wancan, don zoben ya zauna daidai. Bai matse da ƙarfi ba. In ƙarfen ya karye cikin inji, aikin ya zama mai tsada.

Ya tada moto, ya kai hannu kusa ba tare da ya taɓa ba. Babu iska mai fita.

Ya ce: "Alhaji, in ka yi tafiya ya huce, ka ƙara matse notin kaɗan."

Ƴan uwa masu moto, kuɗin zobe bai kai kuɗin gyaran inji ba.