Yadda A Ke Sauya Ruwan Injin Mota

Wanda ya bi ta Jakara da rana tsaka cikin watan Afrilu, daura da Kasuwar Kurmi, ba zai rasa ganin motoci a jere suna tafiya da ƙyar ba, ga babura, ga masu tura baro, ga masu kaya a ka. Wani lokaci sai wata mota ta tsaya cik, farin tururi yana fitowa ta gabanta, direba ya sauko yana sharce gumi. Sai mutane su ce, "Ta yi zafi." Sau da yawa ba rana kaɗai ce ta jawo haka ba. Ruwan da ke cikin injin ne ya ƙare, ko kuwa ya lalace, mai motar bai kula ba.

To, me ya kai ruwa cikin inji? Kun san mota da wuta ta ke tafiya. Fetur ne ke ƙonewa a cikin inji, ƙarfin ƙunarsa ya juya ƙafafu. Amma in an kasa ƙarfin nan kashi uku, abin da ke tura mota bai wuce kashi ɗaya ba. Kashi ɗaya ya kan bi hayaƙi ya fita ta salansa. Sauran kashi ɗayan kuwa zafi ne da ke shiga jikin ƙarfe. In ba a kwashe shi ba, ƙarfe zai kumbura ya lanƙwashe, inji ya ƙone.

Don haka maƙeran mota suka bar waɗansu hanyoyi a cikin jikin inji, inda ruwa ke bi. Akwai ɗan famfo da ke tura ruwan. In ya zaga ya kwaso zafi, sai ya bi ta wata mesa ta roba ya shiga lagireto, watau tankin nan mai raga da ke gaban mota. A ciki ruwan ya kan rarrabu cikin ƙananan bututu masu yawa. Iska tana bi ta tsakaninsu, fanka kuma tana taimaka mata, har ruwan ya huce, sa'an nan ya bi ta mesar ƙasa ya koma inji. Kun taɓa ganin yadda uwa ke fifita wa yaro kunu, tana juye shi daga wannan ƙwarya zuwa waccan tana hurawa? To, aikin lagireto ke nan. Wani Bajamushe, Wilhelm Maybach, shi ya tsara lagireto mai kama da saƙar zuma, aka sa shi a motar Mercedes ta 1901. Ba kowane inji ke shan ruwa ba. Yawancin babura, da tsohuwar Volkswagen mai siffar kunkuru, iska kaɗai ke sanyaya su.

Ruwa ya kan tafasa a digiri 100. Inji kuwa ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 90. Kun ga tsakaninsu ba nisa. Saboda haka aka yi wa lagireto murfi na musamman, mai danne ruwan da ƙarfi. Ruwan da aka danne haka ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Ku riƙe wannan da kyau, gama za mu komo kansa.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abu biyu ke ɓata ruwan mota. Na farko tsatsa, domin ruwa da ƙarfe ba su daɗewa tare ba ta fito ba. Na biyu, ku leƙa cikin butar shayi da ta daɗe a kan wuta, za ku ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta. Wannan gishirin ƙasa ne da ke narke cikin ruwan rijiya da na burtsatse. Ido ba ya ganinsa sai an yi ta tafasa ruwan. Mai motar da ke tare mai garuwa kullum ya cika lagireto, irin ɓawon nan ya ke tarawa. Bututun lagireto kuwa sirara ne ƙwarai, kaɗan ya isa ya toshe su.

Maganin wannan shi ne wani ruwa mai launi da a ke sayarwa cikin jarka a gidajen mai da wurin masu kayan mota, kamar na Kasuwar Ƙofar Ruwa. Akwai kore, akwai ja, akwai shuɗi. Sinadarin da ya fi yawa a cikinsa sunansa etilin gilaikol. A ƙasashen sanyi, kamar Ingila da Rasha, babban aikinsa hana ruwa daskarewa, domin in an gauraya shi da ruwa rabi da rabi, ba ya zama ƙanƙara sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Waɗansu su kan ce, "Ai a Kano ruwa ba ya daskarewa, me za mu yi da shi?" Sun manta yana da waɗansu ayyuka biyu. Yana sa ruwa ya ƙara jimre zafi kafin ya tafasa, kuma akwai magungunan hana tsatsa a cikinsa. Su magungunan nan ne ke ƙarewa a hankali. Shi ya sa a ke sauya ruwan, wani iri bayan shekara 2, wani iri kuwa ya kan kai shekara 5. Littafin da ke zuwa da mota shi ke faɗin irin da ya dace da ita, da yawan da ta ke ci. Ƙaramar mota ta kan ci lita 5 zuwa 7. Ba a gauraya iri biyu, ba a kuma dogara ga launi kaɗai, sai a karanta rubutun jikin jarka.

Mutum mai natsuwa yana iya yin aikin nan a ƙofar gidansa. Ga yadda ya ke yi.

Da fari ya kan zaɓi sassafe, bayan mota ta kwana ta yi sanyi. Ya tsai da ita a wuri mai daidai, ya ja birkin hannu, ya sa dutse a ƙafa. Ya tanadi daro, da mazurari, da tsumma, da sifana, da jarka mai murfi, da tataccen ruwa. Tataccen ruwa shi ne wanda aka mai da shi tururi, aka tare tururin ya sake zama ruwa, ya baro gishirinsa a baya.

Sa'an nan ya taɓa lagireto da bayan hannu. In da sauran zafi, sai ya jira. Kun tuna murfin nan mai danne ruwa? In aka buɗe shi inji yana da zafi, ruwan zai tafasa nan take, ya yi tsartuwa sama, ya saluɓe wa mutum fuska da hannu. Wannan ita ce doka ta fari, kuma babu wadda ta fi ta: ba a buɗe lagireto da zafi.

In ya tabbata ta huce, sai ya ɗora tsumma a kan murfin ya murɗa a hankali. Ya tura daro ƙarƙashin mota, ya kwance ɗan makunnin da ke gindin lagireto. In motar ba ta da shi, sai ya cire mesar ƙasa. Ruwa zai zubo. Launinsa ya kan ba da labari. In ya fito ja kamar ruwan kududdufi, tsatsa ta yi yawa. In kuwa ya fito da kauri da maiƙo, kamar shayi da madara, to, baƙin mai ne ya shiga ruwa. Wannan ba aikin gida ba ne, sai a kira makaniki.

Bayan wannan sai ɗauraya. Ya rufe makunnin, ya cika lagireto da ruwa mai tsabta, ya mai da murfi. Ya ta da inji, ya kunna abin ɗumama cikin mota, wanda a ke amfani da shi da hunturu, domin shi ma ruwan nan ke bi ta cikinsa. Ya bar inji ya yi aiki kamar minti 10 ko 15, har allurar zafi ta hau tsakiya. Dalilin jiran nan shi ne, akwai wata 'yar ƙofa tsakanin inji da lagireto, wadda ba ta buɗewa sai ruwa ya yi zafi. In ba ta buɗe ba, ruwa ba zai zaga ko'ina ba. Daga nan ya kashe inji, ya jira ya huce sarai, ya sake zubarwa cikin daro. Haka zai yi ta yi, sau biyu ko uku, har ruwa ya fito garau. Aikin yana cin lokaci, amma sannu ba ta hana zuwa.

Lokacin da ya ke jira, sai ya wanke 'yar gorar roba da ke gefen inji, inda rarar ruwa ke taruwa. Ya matsa kowace mesa ya ji ko ta tsage ko ta yi laushi. Ya share ƙurar hunturu da matattun fari daga ragar lagireto, a hankali, don kada ta lotse.

Daga ƙarshe sai ya zuba sabon ruwa ta mazurari, sannu sannu. Wani an riga an gauraya shi tun daga ma'aikata, wani kuwa sai an haɗa shi da tataccen ruwa rabi da rabi. In ya cika, sai ya ta da inji ba tare da ya rufe murfin ba, ya tsaya yana kallo. Zai ga kumfa tana tasowa. Iska ce da ta maƙale a ciki ke fita. In an bar ta, sai ta tare wa ruwa hanya, mota ta yi zafi ko da ruwanta sabo ne. Ruwa zai ɗan sauka, sai ya ƙara. In kumfa ta daina, ya rufe murfi, ya cika gorar roba zuwa tsakanin zane biyu da ke jikinta. Duk lokacin nan ba ya kai hannu ko bakin riga kusa da fanka, gama ta motocin yanzu ta kan tashi da kanta ba sanarwa. Kashegari da safe ya sake duba ruwan, ya kuma leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo.

Saura abu guda, shi ne tsohon ruwan da ke cikin daro. Etilin gilaikol guba ne, ga shi kuma da zaƙi. Akuya ko kyanwa in ta samu za ta sha, ƙaramin yaro ma zai ɗauka lemo ne. Ɗan kaɗan ya isa ya lalata ƙoda, ya yi kisa. Wanda ya sha, a garzaya da shi asibiti nan da nan, ko da bai nuna alamar ciwo ba, a tafi da jarkar likita ya gani.

Kada kuma a juye shi cikin kwata. Kwatocin wannan yanki na birni rafin Jakara su ke faɗawa. Rafin nan ya girmi Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a gefensa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ko da ya ke an rufe wani sashensa da kankare, ruwan bai daina gudu ba. Yana fita bayan gari, ya haɗu da rafin Getsi, ya tafi har madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. A kan hanya masu lambu suna ban ruwa da shi, suna noma latas da alayyafo da kabeji, a Wasai kuma masunta suna kamun kifi. Kayan nan birni a ke komowa da su a sayar. Ashe wanda ya zuba guba a kwata, yana iya tarad da ita a kasuwa. Rafin ya riga ya ɗauki ƙazanta mai yawa, bai kamata a ƙara masa ba. Sai a juye tsohon ruwan cikin jarka, a rufe tam, a rubuta GUBA a jiki, a ajiye inda yara ba su kai hannu, a tambayi duba-gari inda ya kamata a kai shi. Ba a zuba shi cikin kwalbar lemo ko gorar ruwan sha. In ya zube a ƙasa, a rufe da yashi a kwashe. Daron kuma ya bar shiga madafa har abada.

Wannan aikin manya ne. Amma yaro ma yana da nasa rabo. Yana iya miƙa sifana, ya riƙe mazurari, ya kore awaki da ƙannensa daga wurin daro. In kuma wata rana motar da ya ke ciki ta yi zafi a hanya, ya ga wani ya nufi murfin lagireto da gaggawa, sai ya ce masa cikin ladabi, "Baba, a bari ta huce tukuna."

Tambayoyi

1. Me ya sa a ke zuba ruwa cikin injin mota?
2. Ina farin ɓawon da ke cikin butar shayi ya ke fitowa?
3. Don me ba a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi?
4. Faɗi ayyuka biyu da ruwa mai launi ke yi wa mota a Kano.
5. Ina ruwan Jakara ya ke zuwa in ya bar birni? Su wa ke amfani da shi?