Me Malami Zai Koya Kafin Ya Kai Yara Fadama?

Wani mai sauraronmu, manomi daga Bacirawa, ya aiko yana cewa: "An ce malamin su ɗana zai je kwas don ya riƙa kai yara kallon tsuntsaye a fadamar Haɗeja. Shin wannan karatu ne ko yawo? Kuma babu haɗari?"

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Karatu ne, kuma ya shafi abincinmu. Fadamar Haɗeja da Nguru tana tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda ake noman shinkafa, da kamun kifi, da kiwo. Ruwan kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake gangarawa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. A 1987 aka fara shirin kare wurin, a 2008 kuma aka sa Baturiya cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya. Yaron da ya ga wannan da idonsa zai gane cewa ruwan da muka tare a nan, wani ne ya rasa shi a can.

Shi kuwa malami, sai ya koya kafin ya koyar. Na farko, sanin lokaci: da hunturu ake zuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da tsuntsayen Turai suke sauka. Na biyu, ya iya bambance baƙin tsuntsu da ɗan gida, irin su ɗinya da kirinjijiya, ya kuma san jan-baki mai cinye gero da dawa. Na uku, ladabi: a fara gaida mai gari, a nemi izinin ma'aikatan daji, a bar masunta su yi wa yara bayani.

Batun haɗari kuwa, gaskiyarka. Ruwan kwance yana ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini. Saboda haka malamin da ya samu horo ba ya barin yaro ya shiga ruwa, yana tafiya da ruwan sha, yana ƙidaya yara a tafiya da dawowa.

Shawararmu, ka je wajen hedimasta ka tambaya: manya nawa za su raka su, wace mota, yaushe za a dawo? In amsa ta gamsar da kai, ka bar yaro ya je. Allah ya kiyaye hanya, amin.